Kwana Biyu a Kufan Akrotiri, Garin da Toka ta Rufe

Jirgin ruwan da ya ɗauko mu daga tashar Pireyas, a gefen birnin Atina na ƙasar Girka, ya shafe kimanin awa takwas a kan tekun Ejiyan kafin ya iso tsibirin Santorini da la'asar sakaliya. Na daɗe ina ganin hotunan wannan tsibiri da fararen gidajensa da shuɗɗan ƙubbobinsa, amma babu hoton da ya nuna mini abin da matafiyi ke fara gani idan ta ruwa ya zo. Jirgin yakan kutsa ne cikin wani makeken kwari da ruwan teku ya cika, tsibirai sun yi masa ƙawanya, ga ganuwar dutse tsaye ƙyam wadda tsayinta ya kai mita 300 a wasu wurare. Jikin ganuwar hawa-hawa ne, wani baƙi, wani ja, wani ruwan ƙasa, sannan can sama sai wani farin hawa mai kauri wanda gidajen mutanen yau suke zaune a kansa. Wannan farin hawa toka ce da tsakuwar da dutse mai aman wuta ya fesar fiye da shekara 3,500 da suka wuce, kwarin da jirginmu ke ratsawa kuwa bakin dutsen ne da ya rufta. Abin da ya kawo ni da yayana tsibirin yana kwance a ƙarƙashin wannan farar toka, can ɓangaren kudu, kusa da ƙauyen da ake kira Akrotiri.

Sunan ƙauyen aka ara aka sa wa kufan, domin sunan da mazauna garin suke kiran garinsu da shi ya tafi tare da su. Sun san rubutu, an ma sami alamunsa a jikin tukwane da gutsattsarin allunan yumɓu, irin rubutun tsibirin Kirit ne wanda masana suka sa wa suna Liniya A, sai dai har yau ba a kai ga karanta shi ba. Ƙanensa da ya biyo baya, wato Liniya B, wani Bature ɗan Ingila mai suna Michael Ventris ya warware shi a 1952, aka gane tsohon harshen Girkanci ne, shi kuwa na farkon yana nan a kulle. Wannan ne dalilin da ya sa ake lissafa Akrotiri cikin wuraren da suka riga rubutaccen tarihi. Duk abin da za a faɗa game da mutanensa, daga bango da tukunya da zane aka karanto shi.

Washegari da sassafe muka shiga bas daga Fira, babban garin tsibirin, tafiyar da ba ta kai rabin awa ba, ta cikin gonakin inabi waɗanda ake naɗe rassansu a ƙasa kamar kwando domin kare 'ya'yan daga iska. A hanya na sake bin labarin yadda aka gano wurin, wanda ya faro daga inda ba a zata ba. A shekarun 1860, lokacin da ake haƙa mashigin ruwa na Suwes a Masar, an riƙa ɗibar tokar waɗannan tsibirai ana kaiwa can, saboda idan aka haɗa ta da farar ƙasa takan ba da siminti mai ƙarko a cikin ruwa. Masu haƙar tokar a tsibirin Tirasiya, wanda ke fuskantar Santorini, su suka fara cin karo da katangun gidaje a ƙarƙashinta. Wani masanin duwatsu Bafaranshe, Ferdinand Fouqué, ya bi sawun abin, wasu Faransawa kuma suka ɗan taɓa tono a yankin Akrotiri a 1870, sannan magana ta kwanta kusan shekara ɗari.

Wanda ya tayar da ita shi ne Spyridon Marinatos, masanin kayan tarihi ɗan Girka. Yana tono a Amnisos da ke gaɓar arewacin Kirit ya tarar da tsakuwar dutse mai aman wuta a cikin kango, sai ya rubuta a 1939 cewa fashewar dutsen Santorini ce ta rusa daular Kirit ta zamanin tagulla, wadda ake kira ta Minowa. Ya jira kusan shekara talatin kafin ya sami damar gwada maganarsa da shebur. A 1967 ya fara tono a Akrotiri, bai daɗe ba kuwa ya faɗa kan gari sukutum, da titunansa da benayensa. A nan ya ƙare rayuwarsa, domin a bakin aikin ya rasu a 1974, daga nan Christos Doumas ya karɓi ragamar ya riƙe ta shekaru masu yawa. Yau masana ba su karɓi hasashen Marinatos yadda ya kawo shi ba, saboda an ga fadojin Kirit sun ci gaba da rayuwa bayan fashewar, sai wajen shekara ta 1450 kafin Miladiyya akasarinsu suka rushe. Duk da haka ina ganin girmansa, domin neman hujjar maganar da ba ta tabbata ba ne ya kai shi ga abin da ya fi maganar daraja.

Daga waje babu abin da ke nuna akwai gari a wurin, sai wani shimfiɗaɗɗen gini da aka lulluɓe rufinsa da ƙasa har ya saje da tudun da ke kewaye. Wannan rufi yana da nasa labarin baƙin ciki, domin wani sashensa ya rufto a 2005 ya kashe wani baƙo ɗan Birtaniya, aka rufe wurin har zuwa 2012. Da muka ƙetare ƙofa sai zafin rana ya yanke, haske mai taushi yana saukowa ta tsakanin katakon rufin, ga kuma gari a ƙasan ƙafafunmu, duk launinsa ɗaya, launin toka. Ana fara zagaya shi ne ta kan wata gadar katako da ke bin gefe, mutum yana leƙa ɗakuna daga sama, sannan a sauko cikin garin kansa a taka titin da mutanensa suka taka. Abin da aka tone bai wuce hekta ɗaya da 'yan kai ba, alhali ana ƙiyasta garin ya kai hekta 20. Ta kowace kusurwa mutum zai ga titi ya miƙe ya shige cikin bangon toka ya ɓace.

Hausawa sun ce gani ya kori ji, kuma abin da ganin ya fara gyara mini shi ne tsayin gidajen. A yawancin kufai abin da ake nuna wa baƙo tushen gini ne wanda bai wuce gwiwa ba, sai ya ƙarasa sauran da tunaninsa. A nan kuwa bango yana tsaye hawa biyu, wani wurin har uku, da ƙofofinsa da tagoginsa da matakalarsa ta dutse. Magina sun riƙa saka katako a tsaye da a gicciye cikin bangon dutse da laka domin gini ya iya rangaji idan ƙasa ta girgiza, shaidar cewa sun san halin ƙasar da suke zaune a kanta. Katakon ya ruɓe tun tuni ya bar gurbinsa, masu tono suka cike guraben da kankare don kada bangon ya zube, shi ya sa mutum zai ga abin da ya yi kama da azara alhali siminti ne. Manyan gine-ginen an yi fuskarsu da sassaƙaƙƙen dutse mai kusurwa huɗu, an jera shi daidai wa daida. A ƙarƙashin titunan da aka shimfiɗe da duwatsu akwai magudanar ruwa da ke kwashe ƙazantar gidaje zuwa bayan gari.

Inda na fi daɗewa shi ne wani ɗan fili mai kusurwa uku a tsakiyar garin, gaban gidan da masu tono suka sa wa suna Gidan Yamma. Ba babban gida ba ne idan aka gwada shi da wasu, amma shi ne ya fi buɗe mini rayuwar mutanen. Ƙasansa ɗakunan ajiya ne da na aiki. A bene akwai wani faffaɗan ɗaki mai babbar taga da ke kallon filin, inda aka tarar da ɗaruruwan 'yan fayafayan yumɓu masu huda, waɗanda ake ratayawa a ƙarshen zare domin ya miƙe a kan masaƙar tsaye. Ke nan a ɗakin da ya fi haske ake saƙa, mai saƙar tana aiki tana ganin masu wucewa. A wani lungu na benen kuma akwai makewayi, mazauni ne na dutse mai tsaga a tsakiya, an haɗa shi da bututun yumɓu da ya bi ta cikin bango ya sauka zuwa magudanar titi. Na tsaya ina kallon wannan taga ina lissafin cewa lokacin da ake zaune a bakinta, saura fiye da shekara dubu a haifi manyan masana falsafar Girka da duniya ta sani.

Wani abin da na lura da shi, wanda kuma ya ƙara mini son wurin, shi ne a duk abin da aka tone ba a sami fada irin ta Kinosos da ke Kirit ba. Akwai manyan gine-gine da ake ganin na jama'a ne ko na ibada, amma dukiyar garin a warwatse take cikin gidaje da yawa, kusan kowane gini da aka buɗe yana da ɗakin da aka ƙawata da zane. Arzikin kuwa daga teku ya zo. Tsibirin yana kan hanyar jiragen da ke kai da komo tsakanin Kirit, mai nisan kilomita 110 ta kudu, da sauran tsibirai da babban yankin Girka da gabashin Bahar Rum. An sami tukwanen Kirit, da tuluna daga gaɓar Sham, da ma'aunan dalma na awon kaya, da tambarin hatimi a kan yumɓu, har da ƙwan jimina da aka mayar da shi gorar zuba ruwan ibada. A wani ɗaki manyan randuna suna nan jere inda aka bar su. Daga abin da ya saura a cikin irinsu aka san cimar garin: sha'ir, da adas, da wani nau'in wake da har yau ake nomawa a tsibirin, da man zaitun, da kifi, da dodon koɗi. Ga duwatsun niƙa a ɗakunan ƙasa, sun lotse a tsakiya saboda aiki.

Sai muka zo kan wata matakalar dutse wadda takunta suka karye a tsakiya suka lanƙwashe ciki, kamar an danna su da ƙafar ƙato. Daga nan labarin ƙarshen garin yake farawa, kuma shi ne abin da ya fi tsaya mini a rai cikin tafiyar baki ɗaya. Kafin dutsen ya fashe, an yi girgizar ƙasa mai ƙarfi wadda ta rusa sassan gidaje ta cika tituna da ɓaraguzai. Mutanen sun fita, sannan suka dawo. An ga inda suka share hanya, suka tara duwatsu wuri guda da ƙasa wuri guda domin sake gini, an sami manyan duwatsu masu tsaga ta ɗaura igiya waɗanda ake ganin da su suke rushe bangon da ya tsage, an ga inda aka fara gyara ba a ƙarasa ba. Sun fito da gadaje daga ɗakunan da suka lalace sun ɗora wani kan wani. Sun jera tukwane a ƙarƙashin dokin ƙofa da kusurwoyin ɗaki, wuraren da suka fi jure rushewa. Ana cikin haka sai wata siririyar toka ta sauka a kan garin, wadda har yanzu ana iya ganin layinta a ƙasan sauran, daga nan kuma babu alamar kowa.

Na ce wa yayana, «Yaya, ka lura babu ƙashin mutum ko ɗaya da aka nuna mana?» Ya ce, «Na lura, ƙanena, kuma wanda ya tsaya ya jera tukwane haka yana da niyyar dawowa ne.» Maganarsa ita ce ainihin abin da wurin ke faɗi. A garin Pompeyi na Italiya, wanda dutsen Besubiyus ya binne a shekara ta 79 Miladiyya kuma ake yawan kwatanta shi da Akrotiri, an tarar da mutane a inda ajali ya riske su, wasu a ɗaki wasu a hanya. A ɓangaren Akrotiri da aka tone ba a sami gawar wanda fashewar ta kashe ba, kuma kusan babu zinariya ko azurfa, alhali matan da aka zana a bangon gidajen suna sanye da manyan 'yan kunne da sarƙoƙi da awarwaro. Ma'ana sun sami lokacin ɗaukar abin da ya fi tsada kuma ya fi sauƙin ɗauka, suka adana sauran yadda mai tafiya ke adana kayansa, suka fita tare da yaransu da tsofaffinsu. Wasu masana suna ganin sun shiga jirage sun tsira, wasu kuma suna ganin mai yiwuwa suna kwance a wani wuri tsakanin gari da gaɓa, ƙarƙashin tokar da ba a taɓa ba tukuna.

Abin da ya biyo bayan fitarsu yana cikin fashewar duwatsu mafi girma da ɗan Adam ya taɓa gani. Hayaƙi da toka sun tashi sama fiye da kilomita 30, sannan aka yi ruwan wata tsakuwa mara nauyi mai ƙofofi kamar soso, irin wadda ake goge kaushi da ita, ta taru mita da yawa a kan garin. Nauyinta ya karya rufin gidaje, amma da ta cika ɗakuna da tituna sai ta zama madogarar bango ta ciki da waje, shi ya sa benayen suke tsaye har yau. Bayan haka ruwan teku ya shiga bakin dutsen ya haɗu da narkakken dutse, guguwar toka mai zafi ta riƙa sharar tsibirin, har kaurin abin da ya taru ya kai mita 60 a wasu wurare. An sami tokar a gabashin Kirit da tsibirin Rodos da yammacin Turkiyya ta yau. A gaɓar Turkiyyar, a garin Ceshme mai nisan fiye da kilomita 200, masu tono sun ba da labarin samun ƙasusuwan wani saurayi da na kare cikin tarkacen da suka danganta da igiyar ruwan da fashewar ta tayar.

Shekarar da abin ya faru kuwa magana ce da masana suka daɗe suna jayayya a kanta. Masu gwada tukwane da kayan da aka samu da tarihin sarakunan Masar sun fi karkata ga wajen 1500 kafin Miladiyya. Masu gwajin sinadarin kabon, wanda ke raguwa a jikin abu mai rai da ƙayyadadden sauri bayan mutuwarsa, sun ja shekarar baya. Babbar hujjarsu wani reshen zaitun ne da aka samu a binne cikin tsakuwar, wanda sakamakon gwajinsa da aka wallafa a 2006 ya nuna tsakanin 1627 da 1600 kafin Miladiyya. Tazarar shekara ɗari tana iya zama ƙarama a idon mai yawon buɗe ido, amma tokar nan ma'auni ce, duk inda aka same ta a ƙasa ana amfani da ita wajen sa wa abin da ke sama da ƙasanta lokaci, saboda haka matsar da ita yana matsar da tarihin yankin gaba ɗaya.

Kuskure ne mutum ya ga kufan ya tafi bai shiga gidan tarihin da ke Fira ba, wanda aka keɓe wa kayan wannan zamani, domin bangon da muka gani tsirara an ciro tufafinsa ne an kai can. Mun ba shi rana ta biyu sukutum. Zanen bangon Akrotiri an yi shi ne a kan shafen farar ƙasa, akasari tun yana da danshi, yadda launi zai shiga jikinsa. Ja da rawaya daga ƙasa aka samo su, baƙi daga gawayi, shuɗi kuwa wani daga ma'adinin dutse wani kuma haɗi ne na tagulla da yashi da farar ƙasa da aka gasa, fasahar da aka san Masar da ita. Yawancin zanen a farfashe aka same shi, dubban gutsattsari cikin toka, masu gyara suka shafe shekaru suna haɗa su ɗaya bayan ɗaya. Idan mutum ya matsa kusa zai ga inda asali ya tsaya da inda aka cike giɓi, kuma na yaba da yadda ba a ɓoye wannan ba.

Akwai zanen shuɗɗan birai suna tsalle a kan duwatsu, an kama motsinsu yadda sai wanda ya taɓa kallon biri da idonsa zai iya, alhali biri ba dabbar tsibirin ba ce, har masana suna muhawara ko daga Afirka asalinsu yake ko daga yankin Indiya. Daga Gidan Yamma aka ciro zanen saurayi masunci riƙe da jerin kifi a kowane hannu, da wani dogon siririn zane na ayarin jirage da suka taso daga wani gari suka nufi wani, matuƙa sun sunkuya a kan filafilai, kifayen dolfin suna tsalle a tsakani, mutane sun hau soraye da tagogi suna kallon isowarsu. Wasu shahararrun zane uku suna babban gidan tarihi na Atina: na barewa, da na tsattsewa suna shawagi a kan jajayen furanni, da na yara biyu suna dambe, kowanne da safa a hannu ɗaya kawai. Kan yaran an shafa masa shuɗi, alamar aski ke nan, an bar musu tukku da 'yan dogayen silin gashi, kuma daga yanayin askin ake gane shekarun wanda aka zana. Fatar maza ja ce, ta mata fara, ƙa'idar da masu zanen Masar ma suke bi.

Wanda ya fi taɓa ni shi ne zanen masu tsinkar za'afaran, daga wani babban gini da ake ganin a nan ake bikin shigar 'yan mata cikin girma. Za'afaran silin tsakiyar wani fure ne, guda uku kacal a kowane fure, da hannu ake tsinkar su a 'yan kwanakin kaka, shi ya sa har yau yake cikin kayan ƙamshi mafi tsada. An zana 'yan mata a kan tudu suna tsinka suna zubawa a kwanduna, wata ƙarama ta waiwayo tana kallon babbar kamar mai neman a ce ta yi daidai. Wata ta juye kwandonta a gaban wata mace da ke zaune a kan karaga, biri yana miƙa mata za'afaran, a bayanta kuma ga wata halitta mai jikin zaki da kan tsuntsu da fukafukai. A wani sashen ginin an zana budurwa zaune a kan dutse, hannu ɗaya a goshi ɗaya a ƙafarta da ke zubar da jini. Zanen yaƙi da na masu nutsewa a ruwa yana nan a garin, amma kaɗan ne idan aka gwada da na furanni da tsuntsaye da mata da yara a bakin aikinsu, kuma wannan zaɓi ne da masu gidajen suka yi game da abin da suke so su buɗe ido su gani kowace safiya.

Kayan katako ma sun tsira ta wata hanya. Toka ta lulluɓe gado ko teburi ta daskare, katakon ya ruɓe ya bar rami mai siffarsa. Idan masu tono suka ci karo da irin wannan rami sai su ɗura ruwan filasta a ciki, ya bushe, su share tokar, siffar abin ta fito, dabarar da aka fara amfani da ita a Pompeyi a ƙarni na 19. Da haka aka dawo da wani ɗan teburi mai ƙafa uku da sassaƙa mai kyau, da gadajen da muka gani a kufan. A gefensu akwai butoci masu zanen tsattsewa da zangarniyar sha'ir, da bahon wanka na yumɓu, da murhun da ake ɗauka a hannu, da wasu dogayen tubalan yumɓu biyu masu kan bijimi da tsaga-tsaga a sama inda ake jera tsinken nama a kan garwashi.

Da muka fito muka zauna a bakin ganuwar Fira, a tsakiyar kwarin ana hango wasu baƙaƙen tsibirai biyu da suka tsiro daga ruwa bayan waccan fashewa. Babban cikinsu, Neya Kameni, ya yi amansa na ƙarshe a 1950. A 1956 girgizar ƙasa ta rusa gidaje da yawa a Santorini, a farkon 2025 kuma ƙasa ta yi ta motsi makonni a jere tsakaninsa da tsibirin Amorgos, dubban mutane suka kulle gidajensu suka shiga jirage, da abin ya lafa suka dawo. Tunanin masu jera tukwane a ƙarƙashin dokin ƙofa bai bar ni ba, sai na ce wa yayana mu koma ciki kafin a rufe, domin akwai abu guda da nake so in sake kallo.

Wani ɗan bunsurun dutse ne na zinariya wanda za a iya ɗora shi a tafin hannu, yana tsaye shi kaɗai a cikin gilashi kusa da mafita. An same shi a 1999, lokacin da ake haƙa ramukan ginshiƙan sabon rufin kufan. Cikinsa fanko ne, an zuba narkakkiyar zinariya ne a gurbin kakin da aka siffanta, sannan aka haɗa ƙafafu da wuya da jela aka gyara da guduma. A cikin akwatin katako aka sa shi, aka sa akwatin a cikin wani na yumɓu, aka ajiye kusa da tarin ƙahonin dabbobi, abin da ya sa ake ganin wurin na hadaya ne. Mutanen da suka kwashe 'yan kunnensu da sarƙoƙinsu kusan ba su bar komai ba, wannan sun rufe shi cikin akwati biyu sun bar shi a inda yake. Muna tsaye a gabansa har mai gadi ya zo ya sanar da mu cewa lokacin rufewa ya yi.